Sikelin Kawu: littafin aikin haɗa ma'aunin shanshera mai buga rasit

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

Kayan da na yi oda daga Kano sun iso jiya bayan la'asar, direba ya bar min su wurin mai shayin bakin tasha. Na shimfiɗa tabarma a zaure na baje su: allon Arduino Uno (ƙaramar kwamfutar da za ta sarrafa sauran), ƙarfen awo mai ɗaukar kilo 300, ɗan allon HX711 da ke karanta ƙarfen, ƙaramar firinta mai ƙona rubutu a takarda irin ta masu POS, HC-05 don magana da wayar hannu ta Bluetooth, agogon DS3231, gidan memori, da allon nuna lamba. Ba abin da ya fashe, alhamdu lillahi.

Aikin na Kawu ne. Yana da ƙaramin injin gyaran shinkafa nan Argungu, kuma duk kaka sai an yi cacar baki a ƙofarsa kan buhu. Manomi daga Gulma ko Lailaba zai rantse cewa ya danna nasa da taɓarya har ya ƙi ɗinkuwa, yaron Kawu ya ce shi dai a wurinsa buhu buhu ne. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, manyan masu saye suka saba wa mutane da kilo, yanzu har tsofaffi tambaya suke, "Kilo nawa ya yi?" Kawu na son sikelin da zai nuna nauyi kowa ya gani, ya buga rasit da sunan mai kaya, ya kuma adana lissafin ranar. Ya tambaye ni kwana nawa zan ɗauka. Na ce sati biyu. Ya yi murmushi ya ci gaba da jan carbinsa.

Laraba, 8 ga Oktoba

HX711 ta fara magana. Yadda take zance da Arduino ya burge ni. Waya biyu ce kawai tsakaninsu, ɗaya ta bayani, ɗaya ta bugu. Idan ta gama awo sai ta sauke wutar wayar bayani, alamar ta shirya ke nan. Daga nan Arduino ya riƙa bugun ɗaya wayar, kowane bugu ita kuma ta saki bit ɗaya (ƙwayar bayani, 0 ko 1), har 24, sai bugu na 25 da ke tsara mata awo na gaba. Duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya san wannan tsari. Mai gangar noma ya buga, garma ta sauka. Ya sassauta, kowa ya sassauta. Ba mai buƙatar agogo a hannu.

Tana iya awo sau 10 ko sau 80 a sakan, gwargwadon inda ka haɗa wata ƙafarta. Na gwada 80 don zumuɗi, lambar ƙarshe ta riƙa rawa kamar mazari. Na mayar da ita 10. Buhu ba gudu yake yi ba.

Na daidaita ta da buhun siminti na wucin gadi, kafin in samu duwatsun awo na gaskiya.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Firinta ta cinye min yini guda da nadin takarda biyu. Na aika mata "Bismillah", ta fito da wasu alamomi masu kama da tafiyar tsutsa.

Ita ba ta da wayar bugu. Irin wannan hanya ana kiranta UART, kuma yarjejeniya ce tsantsa: mai aikawa da mai karɓa kowa na ƙirga lokaci da agogon cikinsa, sun dai amince tun farko bit nawa za a aika a sakan. Kowane harafi na tafiya da rakiya, bit ɗaya a gaba mai cewa "ga ni nan", takwas na saƙon, ɗaya a baya mai rufe ƙofa. Goma ke nan. Ni ina aikawa a 9600 saboda haka na gani a misalin da na kwafa. Sai bayan isha'i na tuna cewa idan ka danne maɓallin fitar da takarda sannan ka kunna ta, takan buga bayanin kanta. Na yi haka, ga shi ƙuru-ƙuru an rubuta 19200. Wato kowane bit nawa ita kallon biyu take masa. Na canza lamba ɗaya a kod, Bismillah ta fito tas.

Da na ga haka har na fara tunanin in tura komai zuwa 115200 a wuce wurin. Na duba takardar bayanin ATmega328P, ƙwaƙwalwar da ke kan Uno, sai jikina ya yi sanyi. Agogonta na bugawa sau miliyan 16 a sakan, kuma wannan lamba ba ta rabuwa daidai ta ba da 115200. Abin da ke fita ya zarce da kashi 2.1 cikin 100. A 9600 da 19200 kuskuren 0.2 ne kacal. Na bar kowa a inda yake.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Yau na koyi abin da ban samu a aji ba, ko kuma an faɗa ina gyangyaɗi.

Rasit na buhu biyar, goma, yana fita lafiya. Na ƙirƙiri lissafin rana mai layi 300 don gwaji. Firinta ta fara da kyau, can tsakiya sai layi ya haɗe da layi, daga buhu na ɗari da wani abu ta yi tsalle zuwa na ɗari biyu. Na zauna da biro na yi lissafi. Faɗin takardar milimita 58 ne, kan firintar na da ɗigo 384, layi na ɗaukar harafi 32. A 19200 ina tura harafi 1920 a sakan, don haka layi guda na isa gare ta cikin milisakan 17 ko makamancin haka (milisakan dubu ne sakan guda). Ita kuwa kafin ta ƙona layin ta ja takarda, na auna da agogon waya, tana cin fiye da milisakan 70. Ina zuba mata ninki huɗu na abin da take iya haɗiyewa. Tana da ɗan rumbu a cikinta inda take tara abin da bai kai layi ba, shi ya sa gajeren rasit ke tsira. Rumbun na cika, duk abin da ya biyo baya ƙasa yake zubewa, kuma ba ta ce maka uffan.

Abin dariyar shi ne da na sa tambarin Kawu a saman rasit, hoton zangarniyar shinkafa, sai matsalar ta juye. A hoto kowane siririn layi na ɗigo 384 bayit 48 ne (bayit guda bit takwas ne), yana cin milisakan 25 a hanya, alhali ita cikin ƙiftawar ido take ƙona shi. Sai ta buga, ta tsaya jira, ta buga, ta tsaya, hoton ya fito da zane-zane kamar an yi masa tsagar gado. Waya ɗaya, gudu ɗaya: ga rubutu ya yi yawa, ga hoto ya yi kaɗan. Na rage tambarin zuwa rabi.

Na rubutu kuwa na sa ɗan jinkiri na milisakan 80 bayan kowane layi. Ya yi aiki. Amma raina bai kwanta ba.

Asabar, 18 ga Oktoba

Da gaskiyata. Sati biyun da na yi alkawari sun cika yau, kuma da na ɗora firintar a batir da ya fara sanyi sai ta rage gudu, milisakan 80 ɗin suka kasa, layuka suka sake ɓacewa. Jinkirin da na sa zato ne kawai na yi game da halinta. A bayanta akwai ƙafar da ban haɗa ba, an rubuta DTR. Ita ce bakinta: idan rumbu ya kusa cika takan ɗaga ta, a dakata, in ta samu sarari ta sauke. Na ja waya ɗaya daga nan, na cire jinkirin, na sa Arduino ya dubi ƙafar kafin ya tura kowane harafi. Layi 300 sun fita cif, a cikakken batir da mai sanyi.

Asabar, 25 ga Oktoba

Gwajin farko a injin. Kunya ta kama ni yau.

An fara yankan ta damina, kaya na shigowa a kan babura da amalanke. Mai walda ya yi mana faranti mai kyau. Buhu goma sha ɗaya na farko lafiya ƙalau, mutane sun taru suna leƙe. A na goma sha biyu, buhun wani dattijo yana kan faranti ba wanda ya taɓa shi, allo na nuna 78.4, sai kawai ya koma wata lamba da ba ta da kan gado, ya daɗe kusan rabin sakan a daskare, sannan ya dawo 78.4. Dattijon ya dube ni, ya dubi Kawu. Kawu ya ce, "Injiniya, wanga abu naka aljannu gare shi?" Aka fashe da dariya. Ya sake yi sau uku kafin azahar. Na kwashe kayana, aka koma ƙirgen buhu.

Talata, 28 ga Oktoba

Kwana uku ina zargin marasa laifi. Na zargi injin, na ce hayaniyar wutarsa ce ke shiga waya. Na canza zuwa waya mai rigar ƙarfe. Na zargi caja, na koma batir zalla. Na sake narka dalma a duk mahaɗa. A zaure abin ya kwana yana awon buhun siminti, ko sau ɗaya bai yi tuntuɓe ba.

Ƙanena ne, wanda ke rubuta sunayen masu kaya a waya ranar, ya ce, "Yaya, ni fa na lura duk sanda ya haukace, na danna aikawa ne." Na ce masa mene ne haɗin suna da nauyi. Amma da dare na gwada: ina tura sunaye ta Bluetooth ba ƙaƙƙautawa, aljanin ya bayyana a zaure.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Bayan masallaci na je gidan malamina na Waziri Umaru Poly a Birnin Kebbi. Na fara zuba masa bayanin abin da nake zato, ya ɗaga hannu ya ce, "Bar zato, ɗauki wannan ka je ka gani da idonka." Wata 'yar na'ura ce kamar kwalin ashana mai ƙafa takwas, tana leƙen waya sau miliyan 24 a sakan, ta zana maka abin da ta gani a kwamfuta ta manhajar PulseView.

Na maƙala ta a wayar bugun HX711. A allon kwamfuta bugun 25 sun jeru kamar haƙoran mataji, sirara, tazararsu ɗaya. Na sa ƙanena ya tura suna. A karo na shida sai ga shi: haƙori na tara ya miƙe, ya yi faɗi kamar an ja shi da hannu, kusan milisakan guda cur, sannan sauran suka biyo. Wayar bayani kuma daga nan ta haye sama ta zauna, ba ta ƙara motsi ba.

Na koma takardar bayanin HX711, ga shi a rubuce, na karanta shi a baya ban ɗauke shi da muhimmanci ba: idan wayar bugu ta wuce maikrosakan 60 a sama, wato kashi 60 cikin miliyan na sakan, HX711 na ɗauka an ce ta kwanta ne. In an sauke sai ta farka daga farko, kuma tana buƙatar milisakan 400 kafin ta sake ba da awo. Ga rabin sakan ɗin da allo ya daskare.

Wa ya riƙe bugun? Uno na da UART ta gaske guda ɗaya tak, ita ma tana haɗe da USB. Don haka Bluetooth na ɗora shi a kan SoftwareSerial, wadda kwaikwayon UART take yi da kod. Harafi na shigowa, sai ta katse ƙwaƙwalwa daga duk abin da take yi, ta tsare ta tana ƙirga bit ɗaya-ɗaya. A 9600 kowane bit maikrosakan 104 ne, harafi guda kusan milisakan ke nan. Mai ganga ya ɗaga gula, aka kira shi gefe, hannunsa na sama.

Abin da ya fi tayar min da hankali ba lambar haukan ba ce. Bayan ta kwanta, ragowar bit duk 1 ake karantawa. In abin ya faru a farkon bugu, kuskuren babba ne, kowa zai gani. In ya faru a tsakiya, sai ya zama ɗan ƙari wanda ido ba zai kama ba, kuma zai iya shiga rasit ɗin wani. Haƙƙin mutane ne. Gara da ya tona min asiri a gaban jama'a.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Na rufe ƙofar katsewa da noInterrupts tsawon karatun gaba ɗaya. Nauyi ya daidaita, sunaye suka lalace: "Gulma" ta zo da wani harafi da babu shi a Hausa. Dalili a fili yake, karatun na cin fiye da tsawon bit ɗaya, harafin ya iso ya tarar da ƙofa a kulle, aka fara ƙirga shi a makare. Na matse rufewar ta zama iya lokacin da bugu ke sama kawai, 'yan maikrosakan. Duka biyun suka zauna.

Sai kuma na gano in firinta na aiki aka turo suna, shi ma yakan lalace, domin ita ma a kan SoftwareSerial take, kuma turawa na kulle ƙofa kamar yadda karɓa ke yi. A nan na haƙura. Bargon ya yi gajere, in na rufe kai ƙafa ta fito. Na yi odar Arduino Mega.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Mega ta iso. Ƙanena ya tambaya ko ta fi waccan gudu. Ko kaɗan, ita ma miliyan 16 ɗin ce. Abin da ta fi shi ne UART huɗu na gaske, kowace na karɓar harafinta da kanta, sai ta kammala ta ɗan taɓa ƙwaƙwalwa ta miƙa. Ga kuma wurin ajiya kilobayit 8 maimakon 2. Firinta ta samu ƙofarta, Bluetooth ya samu tasa, kwamfuta tata. Na goge SoftwareSerial daga kod ɗin ina jin daɗi kamar na cire ƙaya.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Mun koma injin ranar Laraba, awo lafiya. Sabon abu: lokaci-lokaci farashi ba ya fitowa a rasit, sai suna da gari.

Wannan karon ban yi zato ba, na sa kod ya auna tsawon kowane rubutu a memori. Katin na karɓar bayani ne a dunƙule, bayit 512, ta hanyar SPI mai bugu miliyan 4 a sakan, tafiyar bai fi milisakan ɗaya da ɗoriya ba. Mafi yawan lokuta haka ne. Amma jefi-jefi katin kan tsaya gyaran cikinsa, yana share wuri, na ga ya kai milisakan 140 a nawa, kuma ƙa'idar katunan SD ta yarda masa har 250. Rumbun karɓa na UART a Arduino bayit 64 ne. A 9600 yana cika cikin milisakan 67. Saƙon ƙanena, suna da gari da yawan buhu da farashi, yakan kai harafi 90. In ya faɗo daidai lokacin da kati ke shara, wutsiyar saƙon ce ke yankewa, farashi kuwa shi ne a wutsiya.

Zan iya faɗaɗa rumbun, amma darasin DTR bai bar ni ba. Yanzu waya na tura saƙo kashi biyu, kowane da lambar tantancewa a ƙarshe, kuma ba ta tura na biyu sai Arduino ya amsa cewa ya karɓi na farko daidai. In shiru ya wuce sakan ɗaya ta maimaita. Kamar aiken yaro ne da za ka ce masa, "Maimaita min abin da na ce."

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Kawu ya ce a kai allon lamba bakin ƙofa don mai kaya ya gani daga waje. Na ja waya mita huɗu. Allon da agogo a kan I2C suke, tsarin da kamfanin Philips ya fito da shi a 1982 don sassan da ke maƙwabtaka a cikin akwati ɗaya, ba don tsallaka ɗaki ba. Ana tada injin komai ya sandare, domin kod ɗin Wire in bai samu amsa ba jira yake yi har abada. Na kunna setWireTimeout don ya riƙa haƙura ya wuce, na dawo da allon kusa, na sa mai walda ya ɗaga shi a kan sanda. Na waje sai na samu RS-485, tsarin da ke jure doguwar waya.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Hunturu ya shigo, ƙura da ƙaiƙayi sun cika akwatin. Na liƙe ramukan da soso. Kwana takwas ba a kira ni ba, sai jiya.

Rasit biyu sun nuna nauyi ƙasa da na gaskiya. Na tsaya gefe na kalli 'yan dako. Mutum zai jefa buhu daga kansa, farantin na lilo, kafin lamba ta tsaya na bayansa ya matso, wani ya riga ya kama kunnen buhun yana ja. Ana biyansu ne kan yawan buhu, ba za ka ce su yi a hankali ba. Ƙanena kuma na danna "ajiye" da ka.

Na cire wannan maɓalli daga hannunsa. Yanzu kod na duban awo goma na ƙarshe, sakan guda ke nan. In tazararsu ba ta wuce giram 200 ba sai ya kama lambar da kansa, koriyar fitila ta kama, ƙararrawa ta yi ƙara. Na ce wa shugaban 'yan dakon, "Baba, in ba ku ji kukan ba, buhu bai shiga lissafinku ba." Ya ce to ai wannan magana ce. Kafin la'asar sun riƙa jefawa suna amsa wa ƙararrawar da baki.

Kawu ya riƙe rasit ɗin ƙarshe na jiya, ya nisanta shi da ido ya karanta, ya ce sati biyun nawa sun yi albarka tunda sun haifi takwas.

Saura duwatsun awo, har yau da siminti nake daidaitawa kuma hakan ba zai yiwu a ci gaba da shi ba. Saura allon waje. Sannan takardar rasit na dushewa in ta sha rana a aljihu, wani manomi ya dawo da tasa fara fat bayan kwana biyar. Ranar Litinin zan ƙara lambar rasit babba a sama da maɓallin sake bugawa daga memori.